LEƘEN WAJE: Tsohuwar motar da Steve McQueen ya roƙa aka hana shi

 A wannan watan labarin wata mota na kawo muku. Kada wani ya ce to me ya haɗa mu da mota, ai mu ba makanikai ba ne. Ka yi haƙuri ka biyo ni mai karatu, domin ita ma wannan motar 'yar fim ce. Fim ɗaya tak ta fito a ciki, ta yi ɓatan dabo na kusan shekara arba'in, sannan ran da ta shiga kasuwa aka saye ta a kan kuɗin da manyan jarumai da yawa ba su taɓa riƙewa ba.

A 1968 ne kamfanin Warner Bros. ya fitar da wani fim mai suna Bullitt, wanda Peter Yates ya ba da umarni, shi kuma Steve McQueen ya fito a matsayin ɗan sandan ciki Frank Bullitt a birnin San Francisco na ƙasar Amurka. Yaran yanzu ba lallai ne ku san McQueen ba, amma duk wanda ya kalli The Great Escape ko The Magnificent Seven ko Papillon ya san fuskarsa. Mutum ne marar yawan magana a fim, ga shi kuma mayen mota da babur, har gasar tsere yake shiga da gaske.

Shi labarin fim ɗin, in za a faɗi gaskiya, yana da ɗan ruɗani, sai ka natsu sosai kafin ka gane wa ya kashe wa. Abin da ya sa har gobe ake maganarsa shi ne wani sin guda na kusan minti 11, inda jarumin ya biyo wasu makasa biyu a guje. Su suna cikin baƙar Dodge Charger, shi yana cikin koriyar Ford Mustang GT mai injin silinda takwas, lita 6.4, da giya huɗu ta hannu. San Francisco gari ne mai hawa da gangara, saboda haka sai ka ga mota ta tashi sama ta diro tim, hayaƙi na tashi daga tayoyi. Da tseren ya kankama aka kashe kiɗa gaba ɗaya, babu abin da kake ji sai rurin inji da ƙarar taya. Kuma a kan titin gari aka ɗauka da gudu na haƙiƙa, lokacin babu zancen haɗa hoto da kwamfuta. McQueen ya yi wani ɓangare na tuƙin da kansa, wuraren da suka fi haɗari kuma ƙwararru irin su Bud Ekins suka shigar masa. Editan fim ɗin, Frank P. Keller, sai da ya ci kyautar Oscar a kan wannan aiki.

Af, masu son kamo kuskuren kwantiniti a fina-finanmu na Hausa, ga naku. A cikin wannan sin ɗin akwai wata koriyar Volkswagen mai ƙirar kunkuru da ake ta wuce ta ana sake wuce ta, sannan murfin wilin da ya fice daga motar makasan ya fi yawan tayoyinta. Ashe su ma manyan suna yi.

To mu koma kan motar. Mustang biyu iri ɗaya aka ba masu fim ɗin, lambobinsu na shasi a jere, ɗaya ta ƙare da 558, ɗaya da 559. Wani gwanin haɗa motocin tsere, Max Balchowsky, shi ya ƙarfafa musu ƙafafu don su jure dirowa, aka kuma cire musu tambarin kamfani don su yi kama da motar ɗan sanda mai fama da kansa. Ita 558 ita ta sha tsalle-tsallen, ta ragargaje, aka tura ta wajen 'yan gwangwan. Ita kuwa 559, wadda McQueen ya fi zama a ciki ana ɗaukar fuskarsa, ta fita da sauran ƙarfinta.

Wanda ya fara sayen ta wani ma'aikacin Warner Bros. ne, ya riƙa zuwa aiki da ita. A 1970 ta koma hannun wani ɗan sandan ciki na jihar New Jersey. Ka ji ikon Allah, motar ɗan sandan fim ta faɗa hannun ɗan sandan gaske! Shi ma da iyali suka ƙaru ya ga ba ta yi masa, sai a 1974 ya ba da 'yar ƙaramar talla a mujallar motoci ta Road & Track, inda har sunan fim ɗin aka rubuta ba daidai ba. Wani matashin magidanci mai aikin inshora ya ga tallar, ya je ya biya ya taho da abarsa. Daga nan ta zama motar gida. Matarsa malamar makaranta ce, kuma da ita take zuwa aiki kullum, salansa na ruri unguwa na amsawa.

A nan ne labarin ya yi daɗi. McQueen ya yi ta bin sawun motar har ya gano inda take. A watan Disamba 1977 ya rubuta wa maigidan wasiƙa, 'yar gajeruwa, yana roƙon a sayar masa. Abin da ya ce a ciki shi ne yana so motar ta zauna a cikin iyalinsa yadda take a fim, ba tare da an sabunta ta ba, kuma zai nemo wa mutumin wata Mustang a madadinta in dai kuɗin bai yi yawa ba, in kuma hakan ba zai yiwu ba to a bar maganar. Ka duba fa, wannan mutum yana cikin jaruman da suka fi kowa tsada a duniya a lokacin, amma yana taya motarsa yana kaffa-kaffa da aljihu. Maigida ya ce shi fa atafau. McQueen ya mutu a watan Nuwamba 1980 a ƙasar Meziko yana da shekara 50, bayan fama da ciwon daji, bai sake ɗora hannu a kan sitiyarinta ba.

Ni dai a ganina ba a kyauta wa McQueen ba, amma kuma ba zan ce mutumin ya yi laifi ba. Da kuɗinsa ya saya, kuma bai riƙe ta don ya ci riba ba, tunda har ya koma ga Mahaliccinsa bai sayar ba.

A wannan shekarar ta 1980 kulocin motar ya lalace, aka tura ta gareji tana da wajen mil 65,000 a kan mita, da niyyar za a gyara. Kun san halin "za a gyara". Iyalin suka yi ta ƙaura, ita ma motar aka yi ta ja da ita daga New Jersey zuwa Ohio, zuwa Kentucky, zuwa Tennessee, duk inda aka kai ta sai a rufe ta. Suka kuma kama bakinsu gum, don gudun 'yan jarida da ɓarayi. Masu binciken tarihin motoci suka yi ta cigiya, wasu suka ce ai ta daɗe da zama ƙarfen tukunya.

A 2001 kamfanin Ford ya fito da sabuwar Mustang mai ɗauke da sunan Bullitt. Wannan ya zaburar da maigidan da ɗansa suka kwance motar da nufin tayar da ita. Sai ciwon nan mai sa karkarwar jiki, wato Parkinson, ya kama uban, aiki ya tsaya, mota ta zauna a warwatse. A 2014 ya mutu. Ɗan ne ya zage shi kaɗai a garejin gida ya riƙa mayar da ita ƙusa bayan ƙusa.

Yadda ya yi gyaran shi ne abin da na fi so ku lura da shi. Da a wajenmu ne, abu na farko shi ne a kira mai gyaran bodi ya buge lotsawa, a kankare tsatsa, a watsa mata sabon fenti, a sake yadin kujeru, ta fito tana ƙyalli kamar amarya. Shi kuwa injin ya tayar, ya canza abin da dole sai an canza kafin mota ta yi tafiya lafiya, sauran ya bar su yadda ya same su. Fentin da ya koɗe yana nan. Ƙarafan da aka yi wa walda a ƙarƙashin ƙofofi don ɗaura kyamara suna nan. Ramukan da masu fim suka huda a cikin but don kayan aikinsu suna nan, haka ma sitikar fakin ta Warner Bros. da mai ita na farko ya manna a gilashi. Dalili kuwa shi ne, Mustang ƙirar 1968 mai sheƙi tana da yawa a Amurka, duk mai kuɗi zai iya sayen guda ya yi mata koren fenti. Waɗannan tabban su ne shaidar cewa ita ce ta yi fim ɗin, ranar da aka shafe su kuwa an shafe rabin darajarta. Kuma in kun tuna, abin da McQueen ya nema ke nan a wasiƙarsa.

Ana cikin haka sai ga wani abin mamaki. A 2017 labari ya fito cewa an tsinci 'yar'uwarta, 558, a Meziko, ta yi tsatsa, an shafe ta da wani fenti daban. Waɗanda suka saye ta da farko niyyarsu su mayar da ita irin motar nan Eleanor ta fim ɗin Gone in 60 Seconds, sai da aka duba lambar shasi hankalin kowa ya tashi. Kevin Marti, masanin da ke riƙe da bayanan motocin da Ford ya ƙera, shi ya je ya duba ya tabbatar ita ce.

A watan Janairu 2018, fim ɗin na shirin cika shekara 50, aka fito da 559 a bikin baje kolin motoci na Detroit, kuma jikar McQueen, Molly, tana kan dandamalin. Wata guda bayan nan, a bikin fina-finai na Balin, aka nuna namu Shaihu Umar na Adamu Halilu, fim ɗin 1976 wanda shi ma aka daɗe ana zaton ya salwanta kafin a gano shi a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya a gyara shi. Shi ya yi sa'a. Ina so in ji daga furodusoshinmu, wa ke riƙe da asalin kaset ɗin Turmin Danya? Kayan da aka sa a Sangaya fa, suna ɗakin wa? Mota kam ba a ma maganarta, tunda yawanci aro ake yi a wajen wani alhaji a mayar masa kafin magariba.

Ranar 10 ga Janairu 2020 aka shigo da motar zauren gwanjo na kamfanin Mecum a garin Kissimmee na jihar Florida, jama'a maƙil. Ɗan ya ce a buɗe tayi da dala 3,500, wai abin da mahaifinsa ya biya ke nan. Kafin ka ce kwabo an haura miliyan. Aka buga guduma a kan dala miliyan 3.4, da aka haɗa da la'ada ta tashi miliyan 3.74. A lokacin babu Mustang da aka taɓa saye da tsada haka a gwanjo, sai dai kambun bai daɗe a kanta ba, domin a watan Yulin shekarar aka sayar da wata Shelby GT350R da Ken Miles ya yi tsere da ita a kan dala miliyan 3.85. Ken Miles ɗin nan shi ne wanda Christian Bale ya fito a matsayinsa a fim ɗin Ford v Ferrari na 2019.

Shi kuwa wanda ya sayi motar Bullitt, ta waya ya yi tayinsa, kuma ba a bayyana sunansa a wajen gwanjon ba. Sai mun haɗu a wata mai zuwa in Allah ya kai mu.