Rumbu ɗaya, jirage da yawa

Idan aka sanar da fasinjoji cewa an ɗage tashi saboda "matsalar na'ura", sau da yawa wani ɗan ƙarfe ake jira wanda bai fi tafin hannu ba, yana can Turai. Jirgi na zaune, kuɗin haya da albashin ma'aikata na tafiya, ko kwabo ba ya shigowa.

Mai karatu zai ce, to a cika rumbu mana. Nan ma asara ce. Da dala ake sayen kayan gyaran jirgi, kuma wasunsu, kamar batura da robobin toshe yoyo, suna da wa'adi: ko ba a taɓa su ba, ranarsu na cika sai juji. An ƙona makamashi wajen ƙera su, an ƙona mai wajen ɗauko su, ba su tashi sama ko sau ɗaya ba.

Tun 1948 kamfanonin jiragen sama suka kafa ƙungiyar IATP domin su riƙa ara wa juna kaya a filayen da ke nesa da gida. Da dama daga cikin kamfanoninmu Boeing 737 suke amfani da shi, kuma a Legas da Abuja da Kano duk suke sauka. Ban ga dalilin da kowa zai ɓoye nasa, ko ya riƙa farke wani jirgin don ya ɗinke wani, alhali rumbun haɗin gwiwa zai wadatar da su ba.

Tsohon jirgi ma rumbu ne. A garin Tarbes na Faransa, kamfanin Tarmac Aerosave yana kwance jiragen da suka yi ritaya, yana ceto fiye da kashi 90 cikin 100 na nauyinsu. Abin da ke da sauran ƙarfi a gyara a mayar bakin aiki, alminiyom kuwa a narke, da kusan kashi 5 cikin 100 na makamashin da sabo yake ci.

Sai dai duk wannan a kan takarda ya dogara. A 2023 aka gano wani dillali a Landan, AOG Technics, yana sayar da kayan injin CFM56 da takardun jabu, injin da ke ɗauke da yawancin 737 ɗinmu. Kamfanoni suka dinga sauke injuna suna bincike. Don haka duk rumbun da za mu kafa, dole kowane ƙarfe ya shigo da tarihinsa: wa ya ƙera shi, awa nawa ya yi a sama, wa ya sa hannu a gyaransa.