Adabi Ba Buhun Darasi Ba Ne

Shekara huɗu na yi ina nazarin adabi a jami'a, kuma tambayar da ta fi bin sawuna ita ce: wane darasi ke cikin wannan littafi? Na zo ne in ja da ita, domin ta mayar da adabi tamkar gyaɗa, a ɓare, a ci ƙwaya, a watsar da ɓawo.

Gardamar tsohuwa ce. Aflatun ya hana mawaƙa mazauni a birnin da ya tsara, bisa zargin cewa kwaikwayo kawai suke yi, suna kuma motsa zukata. Almajirinsa Aristotal ya saɓa masa: tarihi yana faɗin abin da ya auku, waƙa kuwa tana faɗin abin da kan iya aukuwa ga kowane ɗan Adam. Ni ina bayan almajirin.

Mu duba *Shaihu Umar* na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Masanin tarihi zai zana mana hanyoyin da aka bi da bayi cikin Sahara. Amma halin da uwa take ciki sa'ad da ta bar gida tana cigiyar ɗanta, wannan sai a bakin marubuci. Wanda ya rufe littafin ya ce darasinsa haƙuri ne, ya je bakin rijiya ya dawo da ƙishirwa. Haka *Alhaki Kuykuyo Ne* na Balaraba Ramat Yakubu: kowa ya san zalunci haramun ne, amma sai da muka zauna da Rabi da 'ya'yanta tara bayan mijinta ya kore ta muka san nauyinsa.

Za a ce ai tatsuniya ma tarbiyya ce. To, sau nawa Gizo ya yi ha'inci ya kwana lafiya? Kakanninmu ba su ɓoye mana wannan ba, domin sun san duniya haka take.

Illar tambayar ba ta tsaya a aji ba. Wanda ya saba auna littafi da mudun wa'azi, duk littafin da bai cika mudun ba zai ɗauke shi guba. A 2007 an ƙona littattafan Hausa a Kano da sunan gyaran tarbiyya.

Saboda haka, ya ku malamai da alƙalan gasa, ku sauya tambayar. Ku tambayi ɗalibi: wa ka sani yanzu, wanda ba ka san shi ba kafin ka buɗe littafin?