Majigin Tsakar Gida: Finafinai Uku da Za Mu Kalla Tare



A manyan birane akwai ƙananan gidajen silima da ba ruwansu da finafinan da ake rububi. Sukan fitar da jadawali, su zaɓo finafinai masu ma'ana, in an gama kallo a zauna a tattauna. Kano na da bikin KILAF na finafinan harsunan Afirka, Wagadugu kuma na da FESPACO tun 1969. Mu nan Tozai da Isa da Sabon Birni ba mu da silima, kuma a halin tsaron da ake ciki babu uwar da za ta bar ɗanta ya fita kallo bayan magariba. Sai kowa ya ƙule a ɗaki da waya, uwa na kallon nata, ɗiya na kallon nata, ba wadda ta san abin da ɗayar ta gani.

Alhali kallo a ƙasar nan da taro ya fara. Tambayi tsofaffi labarin majigi: mota ta shigo gari, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, a nuna irin su Baban Larai a kan noma. William Sellers, wanda ya shugabanci sashen finafinan Turawan mulki daga 1939, jami'in lafiya ne, da faɗakarwa kan annobar ɓeraye a Legas ya soma. To me zai hana mu kafa namu majigin a tsakar gida? Ga jadawalin da na tsara mana na mako uku.

Makon farko, Dry, na Stephanie Linus, 2014. Labarin Halima ne, 'yar shekara 13 da aka aurar, ta gamu da yoyon fitsari wurin haihuwa, aka guje ta. In an gama, ki gaya wa matan da ke zaune cewa ba maita ba ce, ba kuma alhakin wani ba. Yawanci doguwar naƙuda ce: kan jariri ya daɗe yana danne mafitsara har naman ya mutu ya huje. Naƙudar da ta kai awa 12 ba a haihu ba, asibiti ake nufa, ba a jiran gari ya waye sau biyu. Kuma ana ɗinke yoyon, a Asibitin Maryam Abacha da ke Sakkwato, da cibiyar Babbar Ruga a Katsina. Wannan fim na manya ne da 'yan mata, ki sallami ƙanana.

Mako na biyu, fim ɗin Aisha Macky, 'yar Damagaram, na 2016, wanda ma'anar sunansa itaciya marar 'ya'ya. Ba wasa ba ne, rayuwarta ce da ta wasu matan Nijar da haihuwa ta yi wa jinkiri, da irin gorin da suke sha. Ki gayyato surukarki in da hali. Abin da muke faɗa a asibiti shi ne, in an shekara ana tare ba ciki, miji da mata duka ake aunawa, domin matsalar kan fito daga kowane ɓangare.

Mako na uku, Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. An gyara hotonsa, har aka nuna shi a bikin finafinai na Balin, a Jamus, a 2018. Yaro ne aka raba da uwarsa, ta bi sawunsa har cikin sahara. Mun san wannan ciwo a yankinmu, ba sai an ba mu labari ba. In akwai wadda aka taɓa ɗauke wa wani nata, ki sanar da ita tun kafin a kunna, in ta ce ba za ta iya ba, a ƙyale ta.

Shirin ba wuya. Ki sa a nemo miki finafinan inda sabis ke da ƙarfi, a sauke a waya. Ki fara kallo ke kaɗai, ki san wuraren da za ki tsallake. A yi shi tsakanin azahar da la'asar, kowa ta koma gida da ido. Waya mai caji, 'yar sifika, tabarma biyu, sun isa. Inda aka yi Turanci ko Faransanci, a tsayar, wadda ta iya ta fassara. Sannan kada a watse da zarar ya ƙare. Ki tambayi 'yarki: da ke ce Halima, wa za ki fara gaya wa? Amsarta za ta nuna miki ko tana iya kawo miki kukanta.

Wadda ta gwada a gidanta ta ba mu labarin abin da mata suka ce. Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya sauki masu ciki lafiya. Sai mako mai zuwa.