Kakanninmu da Suka Je Bama Ba 'Yan Barandan Turawa Ba Ne

A duk majalisar da aka ɗauko zancen tsofaffin sojojin Yaƙin Hitila, daga Karaye har Rogo, ba a rasa wani ɗan boko da zai taɓe baki ya ce ai yaƙin Turawa suka yi, me za a tuna da su? Wani kuma ya ɗora da cewa a wancan zamani ɗan kirki ba ya shiga soja, sai wanda ya gagari iyayensa. Maganar ta zauna daram, har jikokin mutanen nan suna jin nauyin faɗin cewa kakansu ya je Bama. Ni kakana ya je, kuma ina ganin wannan hukunci zalunci ne da aka yi wa mutanen da ba su da bakin kare kansu.

A fara da tambayar da masu taɓe baki ba sa son ji: wa ya tura su? Da yaƙi ya matsa wa Ingila, musamman bayan Japan ta mamaye Malaya da Bama a 1942, umarni ya riƙa gangarowa ta hanyar da haraji ke bi. Daga Razdan zuwa fada, daga fada zuwa hakimi, hakimi ya kira dagaci, dagaci ya kira mai unguwa, a ce ana son matasa kaza. A shekarun nan ne aka yi diban gwamna, aka kwashi talakawa na tilas zuwa haƙar kuza a Jos. Da aka zo zaɓe, ɗan wa aka nuna? Ɗan manomin da ba shi da kowa a fada. Wasu sun kai kansu, gaskiya ne, amma yunwa da kuɗin haraji ne suka raka su har bakin bariki. Manyan da umarnin ya bi ta hannunsu, yau sunayensu ne a kan tituna da makarantu, kuma ban ce a kankare ba. Abin da na ƙi shi ne a yafe wa mai aike a kama ɗan aike. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sannan a dubi abin da mutanen suka yi. An zuba su a jirgin ruwa daga Ikko zuwa Indiya, yawancinsu ba su taɓa ganin ruwan da ya fi kogin Challawa ba. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ta shiga kwarin Kaladan a 1944, cikin dajin da mota ba ta shiga. Abinci da harsashi daga jirgin sama ake jefo musu, su kuma su ɗora a ka su hau duwatsu, ruwan sama na dukansu, zazzaɓi da atini na kayar da su. Da yawa daga cikinsu 'yan dako ne da ba a ba su ko bindiga ba. Bataliyoyi uku na sojan Najeriya sun yi yaƙi a bayan layin Japan cikin dakarun Chindit na Janar Wingate. A Janairun 1945 runduna ta 81 da ta 82 suka ƙwace Myohaung. Hausa ce harshen bariki a lokacin, har hafsoshin Turawa sai da suka koye ta. Albashinsu da kuɗin sallamarsu kuwa ba su kama ƙafar na Baturen da suke kwana rami ɗaya da shi ba. Rundunar sojan Najeriya ta riƙe sunayen wuraren yaƙin da na dakarun a barikokinta: barikin Chindit a Zariya, Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Myohaung da Arakan a Ikko. Garuruwan Bama sun samu allo a ƙasarmu, mutanen da suka zubar da jini a cikinsu ba su samu ba. Waɗanda ba a ga gawarsu ba, sunayensu na jikin bangon maƙabartar Taukkyan kusa da Rangoon, cikin sunaye kusan 27,000, inda babu ɗan'uwansu da zai je ya karanta.

Kakana ya dawo a 1946. Ɗan abin da aka sallame shi da shi ya tafi a aure da sayen jaki. Daga nan sai aiki har ƙarfinsa ya ƙare: da damina dawa da gyaɗa da auduga, da rani ya tafi Kano dakon buhuna a dalar gyaɗa, da tsufa ya kama shi ya koma gadi. Kafin kiran assalatu ya tashi, ya naɗe bargonsa tsaf kamar za a zo duba shi. Bai taɓa cin bashin da bai biya ba. Idan aka yi tsawa mai ƙarfi cikin dare, kakarmu ta san ba zai sake runtsawa ba, sai ta hura wuta ta zauna da shi. Matasan gari suna kiransa Samanja suna dariya, don abin da suka sani na tsohon soja shi ne wasan Usman Baba Pategi, wanda shi kansa tsohon soja ne kuma da ƙauna ya yi wasansa. Kaka yakan yi murmushi ya wuce. Shekarun da ya yi da fartanya da gammo sun ninka na kaki sau goma, kuma da guminsu aka yi karatun waɗanda yau suke cewa ba shi da tarihi.

Akwai masu cewa mamaci addu'a yake buƙata, ba labari ba. Addu'a muna yi, Allah Ya jiƙansu da rahama. Amma sarakunan Kano ma ana yi musu addu'a, kuma hakan bai hana a jera sunayensu tun daga Bagauda ba. Sai a kan talaka ne kawai ake tuna cewa ba da labari ɓata lokaci ne?

Ranar 15 ga Janairu ta kowace shekara, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, ana ajiye furanni a Abuja da Kano, a saki tantabaru, a watse. Ban taɓa jin an karanta sunan ko mutum ɗaya na garin Yammedi ko Turawa ko Zarewa ko Fulatan ba. Masarautar Karaye, wadda tun 2024 ta ƙunshi Karaye da Rogo, tana da abin aikin a hannunta: hakimai da dagatai da masu unguwanni, wato hanyar da aka bi aka kwashe mutanen tun farko. A bi ta a tattaro sunayensu gida-gida. A ɗauki hoton littattafan sallama da lambobin yabon da ke ƙasan adaka kafin gara ta gama da su, a ba sashen tarihi na Jami'ar Bayero da Gidan Makama kwafi. 'Yan Bama kusan duk sun tafi, amma waɗanda suka yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970 suna nan a zaurukansu, mafi ƙuruciyarsu ya haura saba'in, kuma wayar da ke aljihun kowane jika ta isa ta naɗi muryarsu.