Kwalba Ɗaya, Yara Goma

Sharhinmu na yau a kan wata 'yar kwalba ne da ba ta wuce tsawon ɗan yatsa ba, da sirinjin da ake zuƙo magani da shi daga cikinta, da kuma wanda ke da alhakin tantance ƙirarsu kafin su iso hannun malamar asibiti a Kebbe.

Na taɓa zama ranar rigakafi a wani ƙaramin asibiti na karkara a ƙasar Kebbe. Mata sun zazzauna kan tabarmi a inuwar dogonyaro, kowacce da goyonta, katin rigakafi a naɗe cikin leda. Malama ta buɗe akwatin sanyi ta ɗauko kwalbar rigakafin ƙyanda, ta riƙe ta a hannu ba ta buɗe ba. Sai ta ɗaga kai tana ƙirga yaran da suka kai wata 9. Uku ne kacal, kwalbar kuwa ta yara 10 ce. Gari ne a cikinta, sai an zuba masa ruwansa na musamman kafin ya zama allura, kuma da zarar an haɗa, wa'adinsa awa 6 ne, abin da ya rage bayan nan sai zubarwa. Wata uwa ta matso ta ce, "Malama, don Allah ki duba mu. Daga nesa muke, kuɗin mashin ma rance na yi." Malama ta ce, "Yi haƙuri 'yar'uwa, mu ɗan jira ko Allah zai kawo wasu." Aka jira har rana ta take, ba wanda ya ƙaru. Ta yi bisimilla ta haɗa maganin, ta yi wa yaran nan uku, rabon yara 7 ya tafi a banza.

Daidai ta yi, domin ƙa'idar aikin ita ce a buɗe kwalba ko da yaro ɗaya ne ya zo. Amma na ga yadda asarar ta tsaya mata a rai, kuma kowa ya san akwai wuraren da akan ce wa uwa ta dawo mako mai zuwa. Wadda ta taho daga ƙauyukan Kuchi ko Ungushi da damina, ga aikin gona ga taɓo a hanya, ba lalle ne ta dawo ba. Binciken ƙasa na 2016 zuwa 2017 ya nuna kashi 3 cikin 100 ne kawai na yaran Jihar Sakkwato, wadda Kebbe ke cikinta, suka sami allurar rigakafin penta ta uku. An ɗan matsa gaba tun daga lokacin, amma jihar da ta taɓa ganin irin wannan adadi ba ta da yaron da za ta mayar gida ba allura.

Dalilin zuba rabon yara da yawa a kwalba ɗaya a fili yake. Ya fi araha, kuma ya fi rage cin wuri a firji. Asibitin da ke da ɗan firjin sola guda ba zai iya ɗaukar kwalabe ɗai-ɗai na kowane yaro ba. Shi ya sa ta ƙyanda take rabon 10, ta tarin fuka da ake yi wa jariri a kafaɗa take rabon 20. Sai dai murfin robar da ke bakin kwalbar za a huda shi sau 10 ko sau 20, kuma kowace huda ƙofa ce da ƙwayar cuta za ta iya bi.

Duniya ba ta koyi wannan cikin sauƙi ba. A watan Janairun 1928, a garin Bundaberg na ƙasar Ostareliya, an yi wa yara 21 rigakafin mashaƙo daga wata kwalba da aka fara amfani da ita kwanaki kafin nan, aka ajiye ta a ɗaki cikin zafi. Ƙwayar cuta ta hayayyafa a ciki, yara 12 suka rasu. Daga nan ne aka ƙarfafa sanya sinadarin da ke hana ƙwayoyin cuta girma a irin waɗannan kwalabe, kuma shi ya sa a yau ake barin kwalbar penta da aka buɗe har kwana 28 muddin tana cikin sanyi kuma murfinta bai shiga ruwa ba, alhali ta ƙyanda da ba ta da wannan sinadari ba ta kwana. A 2017 ma, a yankin Kapoeta na Sudan ta Kudu, yara 15 sun rasu a yaƙin rigakafin ƙyanda saboda an yi ta aiki da sirinji ɗaya har kwana 4, maganin kuma ba a cikin sanyi yake ba. Ban kawo waɗannan don in tsorata kowa ba. Rigakafin bai kashe yaran nan ba, sakaci da kwalba da sirinji ne ya kashe su, kuma maganin wannan sakaci shi ne abin da masu ƙirƙira suka shafe shekaru suna nema.

Mu dubi sirinjin da malamar ta yi aiki da shi. Ta yage ledarsa a gaban uwar yaro, ta zuƙo rabin mililita, ta yi allurar. Da ta danna sandar har ƙasa, sai ta maƙale, ko da ƙarfi ba ta jawuwa baya. An ƙera shi ne don ya mutu bayan aiki ɗaya. Ƙungiyar PATH da ke Amurka ta ƙirƙiro irinsa mai ɗan ƙarfe a ciki, kamfanin BD ya riƙa yin sa da sunan SoloShot. Wani Bature ɗan Ingila, Marc Koska, ya karanta a jarida a 1984 cewa maimaita sirinji zai yaɗa cuta mai karya garkuwar jiki, ya duƙufa shekara da shekaru har ya fito da nasa mai suna K1, wanda ake iya ƙerawa da injinan da masana'antu suke da su, da ɗan gyara kaɗan. A 1999 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka yi kira da a koma ga irin wannan sirinji a dukkan ayyukan rigakafi. Haka kuma ɗan tambarin da ke jikin kwalbar, murabba'i a cikin da'ira, wanda yakan yi duhu idan zafi ya taɓa maganin. An fara liƙa shi a kwalaben shan inna a 1996. Ma'aikacin da bai taɓa shiga ɗakin gwaji ba, da ido kawai zai gane kwalbar da ta lalace.

Inda abin yake ci mini tuwo a ƙwarya shi ne a waje da asibiti. Na shiga wani kemis, na ga kwalbar allura a kan kanta, an caka wa murfinta tsinin allura an bar shi a tsaye, duk wanda ya zo sai a jona sirinji a zuƙa. Ƙura na shiga, ƙuda na sauka. Wani kuma yakan canja tsini ya bar sirinjin, yana ganin ya yi tsafta, alhali ɗigon jinin da ido ba ya gani ya riga ya koma cikin sirinjin, daga nan sai cikin kwalba, daga kwalba sai jikin duk wanda ya biyo baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a 2010 kaɗai, allura marar tsafta ta sa wa mutane har miliyan 1.7 ciwon hanta nau'in B, wasu 315,000 nau'in C, wasu 33,800 kuma cuta mai karya garkuwar jiki. Mu kuwa mutane ne masu son allura, har wani yakan ga likita bai duba shi da kyau ba idan ƙwaya kawai ya rubuta masa.

To, kowane ɗaya daga cikin waɗannan dabaru, ɗan ƙarfen da ke kulle sanda, da tambarin zafi, da yadda tsini ke shiga murfi, wani ne ya ƙirƙiro shi, kuma akasari ya nemi takardar mallakar ƙirƙira. Takardar yarjejeniya ce tsakaninsa da jama'a. Shi zai bayyana sirrin ƙirarsa dalla-dalla, ita kuma hukuma ta hana kowa kwaikwayonsa ba da izininsa ba har shekara 20. A ofishin ba da ita na Amurka, ko na Turai da ke Munich, ba a miƙa wannan takarda haka nan. Akwai masanin da za a ba fayil ɗin, injiniya ko masanin haɗa magunguna, ya zauna ya karanta abin da mai nema yake iƙirarin nasa ne, jimla bayan jimla. Sai ya tono tsofaffin takardu da littattafai da kayan da ke kasuwa, ya auna abin da tambaya uku. Sabo ne? Akwai fasaha a ciki, ko kuwa abu ne da kowane gogaggen ma'aikaci zai iya hasashe? Ana iya ƙera shi a yi aiki da shi? Idan mutum ya ce shi ya ƙirƙiro kwalba mai murfin roba da sirinjin da ke zuƙa daga cikinta, masanin zai nuna masa cewa an riga shi da shekaru aru-aru. Dole ya janye iƙirarinsa ya taƙaita shi ga ɗan abin da ya ƙara na haƙiƙa. Wannan kai-kawo yakan ɗauki shekaru.

Kada a raina ɗan abin da ake ƙarawa. A farkon 2021, kwalbar rigakafin korona ta kamfanin Pfizer da aka rubuta mata rabon mutum 5 ta koma ta mutum 6, ba don an ƙara ko ɗigo a ciki ba, sai don an yi amfani da sirinjin da ba ya barin ragowar magani a wuyansa. Kwalba da sirinji abu ɗaya ne, kamar turmi da taɓarya.

A Najeriya fa? Dokar da muke aiki da ita ta 1970 ce, tun zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon. A ƙarƙashinta, magatakardan da ke Ma'aikatar Masana'antu da Ciniki da Zuba Jari a Abuja takardu kawai yake dubawa, ko an cike su daidai, ko an biya kuɗi. Dokar ba ta ɗora masa binciken ko abin sabo ne ba. Ta ma faɗa ƙarara cewa takardar da aka bayar babu tabbacin ingancinta, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Wanda yake ganin an ba da takarda a kan ƙirar da ba sabuwa ba, sai dai ya garzaya Babbar Kotun Tarayya da lauyansa da kuɗinsa.

Wani zai ce ina ruwan manomin Kebbe da wannan. Akwai ruwansa. Ƙasar nan tana son ta riƙa ƙera sirinjinta da kanta, kuma ya kamata, domin abin da ake buƙata ɗaruruwan miliyoyi a shekara bai dace a ce sai ya tsallako teku ba. Idan wani ya riƙe takarda a kan ƙirar da ta riga ta zama ta kowa, zai iya ɗaga ta ya tsorata ƙaramar masana'anta, wadda ba ta da ƙarfin shari'ar shekaru. Masana'antar ta ja da baya, farashi ya tsaya a sama, mai kemis ya ci gaba da ganin sabon sirinji a matsayin asara. Ga kuma ɗan ƙasa mai basira, wanda zai karɓi takarda a Abuja ya ɗauka ya kama dahir, sai ya fita da ita waje ya tarar ba wanda ya taɓa gwada ta. Sannan jama'a su sani, takardar mallaka ba shaidar lafiyar kaya ba ce. Wannan aikin NAFDAC ne, lambarta ake dubawa a jikin leda.

Ba na cikin masu ganin takardar mallaka abokiyar gaba ce. Mu da muke zaune a yankin sanƙarau mun ga amfaninta. Dabarar haɗa rigakafin sanƙarau na MenAfriVac daga ɗakin gwajin gwamnatin Amurka ta fito, aka ba da izininta ta hannun PATH ga kamfanin Serum da ke Pune a Indiya, aka sayar da rabon mutum ɗaya ƙasa da rabin dala. An fara yin ta a Burkina Faso a Disambar 2010, ta iso Najeriya a 2011, kuma a 2012 aka amince ta yi kwana 4 ba ƙanƙara muddin zafi bai wuce digiri 40 ba. Waɗanda suka tsara ta sun fara ne da tambayar nawa talakan Sahel zai iya biya, kuma wace irin hanya kwalbar za ta bi. Duk da haka, wanda ya san bazarar Sakkwato ya san digiri 40 ba shi ne iyakarta ba.

Irin waɗannan tambayoyi nake so a riƙa ji daga bakinmu. Masanin da ke Munich ba zai tambayi ko kwalbar za ta jure tafiyar mashin zuwa Sangi a ƙasar Kebbe ba, ba kuma aikinsa ba ne. Amma muna da masana haɗa magunguna a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, muna da injiniyoyi a Zariya da Kano, waɗanda za a iya horarwa su zama masu tantance ƙirƙira. Ba sai an fara da komai lokaci guda ba, a fara da magunguna da kayan asibiti, inda takarda ɗaya marar tushe ke iya taɓa rayuka. Gyaran dokar aikin Majalisar Tarayya ne, kuma mazaɓar Kebbe da Tambuwal tana da kujera a can, kujerar da mai ita ya taɓa zama Kakakin Majalisar Wakilai daga 2011 zuwa 2015. Wanda ke kanta a yau zai iya ɗaukar wannan batu. Hukumar lafiya a matakin farko kuma ta dubi maganar kwalbar ƙyanda mai rabon yara 5, wadda ake yi kuma wasu ƙasashe suka gwada, ta kai ta ƙananan asibitocin da yaran da ke zuwa a rana ba su taka kara sun karya ba.

Kafin wannan lokaci, iyaye mata, idan aka zo yi wa ɗanku allura, a asibiti ne ko a gida, ku ce a yage ledar sirinji a gabanku. In kun ga tsini a cake a murfin kwalba, ku ce a'a. Ita malamar da na ba ku labari, da ta gama da yaran nan uku sai ta jefa sirinjin cikin kwalin da aka tanada, ta ɗauko kwalbar penta da ta buɗe a ranar, ta rubuta kwanan wata a jikinta da biro, ta mayar da ita cikin sanyi.