Tsakanin Tangaran Da Roba A Gindin Eriyar Mota

A ƙasashen Amurka da Turai da Japan akwai wata jama'a mai yawa wadda hukuma ke yi wa jarrabawa, ta ba ta lasisi, sa'an nan ta yardar mata ta aika magana ta iska daga gidajenta zuwa duk inda zangon rediyo ya kai, bisa sharaɗin kada ta nemi kuɗi ko ciniki da wannan aiki. Su ne masu rediyon sha'awa. Ƙungiyarsu ta Amurka, wato ARRL, Hiram Percy Maxim ne ya jagoranci kafa ta a 1914, ta duniya baki ɗaya kuwa aka kafa ta a Paris a 1925, bayan da Léon Deloy na birnin Nice a Faransa da Fred Schnell na Amurka suka yi musayar saƙo ta kan Tekun Atilantika a 1923. Ƙasashenmu ma suna da rabonsu cikin wannan tsari, domin alamar kiran mai rediyo a Nijeriya takan fara da 5N, ta Nijar kuwa da 5U. Daga cikin waɗannan mutane akwai masu ɗora rediyon a mota, kuma a tsakaninsu akwai wani saɓani da ya daɗe game da ɗan abin da ake sawa a gindin eriya don ya raba ta da ƙarfen mota: shin tangaran ya dace, kamar yadda magabata suka yi, ko kuwa roba mai ƙarko? Ra'ayina shi ne roba ce ta fi cancanta, amma da sharaɗi guda mai nauyi, wato mai zaɓen ya san ɗabi'ar irin robar da ya ɗauka.

Kafin a yanke hukunci wajibi ne a fahimci mas'alar. Duk wanda ya taɓa murɗa akwatin rediyo yana neman Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara watsa shiri tun 1957, ya saba jin ana cewa a kama tasha a kan mita kaza, kuma wannan adadi tsawon zangon ne da kansa. Ƙa'ida ita ce, eriyar da ke tsaye takan yi aiki sosai idan tsawonta ya kai rubu'in zangon da ake magana a kai, ta yadda mai son magana a kan mita 40 zai buƙaci sanda mai tsawon mita 10, abin da babu motar da za ta wuce ƙarƙashin gada da shi. Saboda haka sai su wadatu da sandar ƙarfe ta kamar mita biyu da rabi, su haɗa ta da naɗin waya wanda zai cike gurbin tsawon da ya rage, jikin motar kuma ya zama ɗaya rabin eriyar. To, da yake sanda rabi ce, jikin mota kuma rabi ne, in suka haɗu kai tsaye aikin ya ɓaci, don haka tilas a sa shamaki a tsakaninsu. Wannan shamaki amana biyu aka ɗora masa a lokaci guda: ya tsare wutar lantarki kada ta zurare cikin ƙarfen mota, kuma ya riƙe doguwar sanda da ke lilo cikin iska, alhali ƙarfin iskar da ke dukanta yakan ninku huɗu duk lokacin da gudun mota ya ninku biyu.

Masu goyon bayan tangaran suna da hujja, kuma adalci ne a ambace ta gaba ɗaya. Tangaran mai sheƙi ba ya shan ruwa, rana ba ta cinsa, zafi ba ya narka shi, kuma shi ne muke gani har yau a kan turakun wutar lantarki yana jure shekara da shekaru. Amma duk wannan falala ta tabbata ne gare shi a inda yake zaune wuri guda. Tulu yana da kyau a kusurwar ɗaki, amma matafiyi da salka yake ɗaukar ruwa, domin ita takan lanƙwasa ta bi motsin dabba. Tangaran gautsi gare shi. Yana jure dannawa, amma ba ya jure fizga da girgiza, kuma rami guda a hanya, ko reshen itace da ya kama kan sanda, ya isa ya tsaga shi. Wanda ya nace a kan tangaran a mota don kawai shi ya tarar cikin littattafan da, ya yi taƙlidi ne ba tare da duba illar hukuncin ba, domin magabatan sun zaɓe shi ne a zamanin da babu abin da ya fi shi, abokan takararsa kuwa su ne gilashi da Bakelite, robar da Leo Baekeland ya ƙirƙira a 1907, wadda ita ma gautsin gare ta.

Zamani kuwa ya sauya tun da daɗewa. A 1933 wasu masana biyu na kamfanin ICI a Ingila, Eric Fawcett da Reginald Gibson, suka gano robar da ake kira foliyetilin, aka fara yin ta da yawa a 1939, kuma babban aikin da aka fara ba ta shi ne lulluɓe wayoyin na'urar rada a Yaƙin Duniya na Biyu, saboda ƙarancin abin da take sha daga ƙarfin zangon rediyo. A 1938 Roy Plunkett na kamfanin DuPont ya ci karo da abin da daga baya aka sa wa suna Teflon, a 1953 Karl Ziegler na Jamus ya samo hanyar yin foliyetilin mai tauri, a 1960 kuma robar Delrin ta shiga kasuwa. Wayar da ke ɗauko magana daga rediyo zuwa gindin eriya, galibi foliyetilin ne ke raba cikinta da bayanta, har a motar mai kare tangaran, don haka ba shi da dalilin ƙin amincewa da wannan roba a mataki na ƙarshe bayan ya amince da ita a dukan tsawon hanya.

Sai dai a nan ne da yawa daga masoya roba suke zamewa, domin sukan ɗauka cewa duk abin da ya yi tauri a hannu ya isa shamaki, alhali robobin nan jinsi ne daban-daban, kowanne da halinsa. Nailan yana da ƙarfi ƙwarai, amma yana shan danshi daga iska, ruwa kuwa babban maƙiyin shamaki ne, ta yadda eriyar da aka daidaita da rani za ta iya sauya hali da damina. Robar bututun ruwa, wato PVC, tana da araha, amma takan ci wani kaso na ƙarfin zango ta mai da shi zafi, kuma takan yi gautsi a rana. Teflon ya fi duka wajen tsare wuta, ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 327, amma laushi gare shi, yakan malale a hankali ƙarƙashin matsi har noti ya saki. Delrin ya fi shi riƙe kamanninsa, yana kuma karɓar sassaƙa da kyau, ko da yake bai kai shi tsare wuta ba. Foliyetilin mai tauri, wanda da shi ake yin farin allon yanka nama na kicin, yana daf da Teflon wajen tsare wuta, ba ya shan ruwa, ba ya tsagewa da duka, kuma kuɗinsa kaɗan ne. Shi ya sa masu rediyo da yawa suke sayen allon su yanka shi, kuma ban ga abin kunya a ciki ba, tun da tsada ba ta cikin sharuɗɗan inganci.

Abin da ke rarrabe wanda za a ɗauka shi ne inda aka ajiye naɗin wayar nan. Idan yana sama da shamaki, a tsakiyar sanda ko a gindinta, wutar da shamakin zai tsare kaɗan ce, domin rediyo mai ƙarfin wat 100 ba ya kawo fiye da kimanin volt 70 a wannan gurbi, kuma a nan ƙarfin jiki ya kamata a fi dubawa, sai Delrin ko foliyetilin mai kauri su wadatar. Amma idan naɗin yana cikin mota, ƙarƙashin shamaki, to wannan rediyon da kansa zai iya tara dubban volt a gindin sanda, kuma in ƙura da raɓa suka kwanta a kan robar, tartsatsi na iya tsallakawa ya ƙona fuskarta, ƙunar kuma ta zama gawayi mai ɗaukar wutar lantarki, ta yadda shamakin ya mutu ke nan ko da ido yana ganinsa lafiya. Wannan aibi ne da tangaran ya kuɓuta daga gare shi, kuma a irin wannan hali na yarda a koma ga Teflon, ko a faɗaɗa tazarar da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe, ko ma a yi amfani da tangaran ɗin in an sa sifirin mai rage masa fizga.

Sauran ladubban aikin ba su da wuya. Hasken rana yana cin farar roba har ta yi gari ta tsattsage, shi ya sa masana'antu ke gauraya ta da 'yar kunkunniya ta zama baƙa don ta jure, kuma wannan ya fi zama wajibi ga mai tuƙi a ƙasashenmu na Sahel, inda rana ke da zafi, ƙurar hunturu kuma ba ta barin kome da tsabta. Amma akwai baƙar robar da aka cika wa gawayi da gangan don ta ɗauki wutar lantarki, don haka sai an gwada ta da na'urar auna wuta kafin a amince. Akwai kuma gwajin da masu rediyo suka saba, na sa guntun robar cikin na'urar ɗumama abinci ta maikirowef tare da kofin ruwa na ɗan lokaci, in ta yi zafi a yar da ita. Gwaji ne mai amfani, amma shaidarsa ta tsaya ga tsare wuta, ba ta cewa kome game da ƙarfin jiki. Wajen haɗawa kuwa, kada a yanka zare a cikin robar a ce ita za ta riƙe sanda, a maimakon haka sai a matse ta tsakanin faifan ƙarfe biyu, ƙusar ta ratsa ta ba tare da taɓa jikin mota ba, a kuma riƙa duba noti lokaci lokaci.

Dalilin da ya sa na tsananta a kan wannan shi ne, sandar ƙarfe mai mita biyu da rabi in ta tsinke daga mota mai gudu, kan wanda ke biye za ta faɗa, kuma kare mutane daga cuta yana gaba da jin daɗin mai sha'awa. Ta wannan fuska ma roba ta fi aminci, domin takan yi gargaɗi kafin ta gaza, ta lanƙwasa ko ta saki a gani a gyara, tangaran kuwa farat ɗaya yake fashewa. Saboda haka shawarata ga mai wannan aiki ita ce ya ɗauki roba, ya tambayi sunan irinta kafin ya biya kuɗi, ya san inda naɗin wayarsa yake zaune, kuma ya sauya shamakin da zarar ya ga tsaga ko alamar ƙuna a jikinsa.