Kalmar "Consult" Da Masu Ɓata Ta

Akwai wata kalma ta Turanci wadda akawuna suka ɗora wa kayan da ba nata ba, watau "consult". Asalinta daga harshen Latin ne, ma'anarta kuwa mutum ya je wurin masani ya nemi shawara ko bayani.

In mara lafiya ya je wurin likita, Turawa sukan ce "consult a doctor". In ɗalibi ya duba ƙamus, "consult a dictionary". In mutane ne suka zauna suna musayar ra'ayi, ana iya cewa "consult with". Amma "consult to" ba a faɗinsa da wannan ma'ana.

Wannan kuskuren nahawu ne, gyaransa da sauƙi. Wanda ya fi muni shi ne na ma'aikacin da zai yanke magana a ofis game da gonakin mutane, ya tara su ya karanta musu, sa'an nan ya rubuta wa na gaba da shi wai ya yi "consult" da talakawa. Ƙarya ya yi, sanarwa kurum ya kai musu. Da shawararsu yake nema, da ya tambaye su tun bai sa hannu ba, ya kuma saurara.

Saboda haka duk wanda ya yi yaƙi da jahilci, in an kawo masa takarda mai wannan kalma, kada ya sa hannu sai ya ji yaushe aka nemi shawarar, su wa kuma aka tambaya. Shawara ɗaukar ɗaki ce, mutum ɗaya ba ya ɗaga jinka.